Na'urar awo ta leza da na saya a Gombe: a ɗaki sai hamdala, a rana sai haƙuri

Jama'a da yawa sun ga ina yawo da 'yar na'urar nan a wajen aiki suna ta tambayata wai tana da amfani ko kuwa ado ne kawai, toh yau wata huɗu kenan ina moran ta, bari in faɗa muku abin da na gani. Sana'ata haɗa tagogi da ƙofofin alminiyam, shagona yana wajen Pantami, kuma duk wanda ya san aikin nan ya san asarar mu daga awo take farawa, ka yanka gilashi ya gaza da rabin inci shikenan kuɗinka ya tafi, babu mai gida da zai saurari labarinka.

A wani shagon kayan gini na saye ta a cikin kasuwa, irin 'yan China ɗin nan ne, girmanta bai kai wayar hannu ba, batir biyu ƙanana take ci, a jikin kwalin an rubuta tana kai mita 40. Alhajin mai shagon har da rantsuwa wai ko fili zan auna da ita. Ka riƙe wannan maganar ta fili, za mu dawo kanta.

A cikin ɗaki wlh ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Ka jingina gindinta da bango, ka danna, jan ɗigo ya fito a bangon can, ta yi ƙara tit, lamba ta fito. Ranar farko ban yarda da ita ba, sai da na auna taga goma sha ɗaya na wani gida a Tunfure da ita sannan na sake bi da tef ɗaya bayan ɗaya, inda suka fi saɓawa milimita biyu ne, kuma ina kyautata zaton tef ɗin ne ya lanƙwashe a tsakiya don yarona hannunsa rawa yake. Tsayin silin da a da sai mun ari tsani, yanzu a ƙasa nake ajiye ta in danna. Tana juya mita zuwa ƙafa da inci, wanda ya rage min gardama da magina don su har gobe da ƙafa suke lissafi.

Matsalar ta fara ne ran da wata Hajiya ta ce in auna mata gaban gida za a yi rumfar mota. Ƙarfe ɗaya na rana, katangar an yi mata fenti ruwan toka mai duhu, na danna na danna ɗigon ma ban gan shi ba balle lamba, sai wani rubutun kuskure take ta nuna min, Hajiya na tsaye a inuwa tana kallona, ta ce Malam ko dai a kawo maka igiya ne. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma wajen mai shago ya ce ai shi bai ce da rana ba.

Da daddare ina ta mita a tsakar gida sai ƙanina da ke karatun fizik a jami'a ya karɓe ta yana juyawa, ya ce Yaya ai ba lalacewa ta yi ba, haskenta ne ba ya dawowa isasshe, bango mai duhu yana shanye shi rana kuma tana danne ɗan abin da ya rage, kuma wai wannan ciwon kan shi ne ya sa Amurkawa suka ɗauki madubi suka kai har duniyar wata. Na ce kai dai da surutu. Amma fa sai da muka kai sha biyun dare a kan tabarma.

Ga yadda abin yake. Tun 1962 masana a Amurka sun harba leza zuwa wata sun ga ɗan abin da ya dawo, amma ƙasar wata duhu gare ta ga tudu da kwari, kamar katangar Hajiya ce, awon ba ya fita tsaf. Sai a watan Yulin 1969 da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a tafiyar Apollo 11, cikin kayan da suka bari akwai wani faranti mai faɗin santimita 46 kowane gefe, wato kamar tayil guda ɗaya, an jera ƙananan gilasai 100 a jikinsa. Ba madubin fuska ba ne, kowane gilashi an yanka bayansa kamar lungun ɗaki inda bango biyu suka haɗu da daɓe, fuska uku kowacce a miƙe da 'yar uwarta. Nan ne abin ya burge ni a matsayina na mai yankan gilashi, don haske ko ta wace kusurwa ya shiga lungun nan zai bugi fuskokin ya juyo ya koma daidai inda ya fito, ba sai an saita shi tsaf ba. Ba batir ba waya, shi ya sa har yau ana amfani da shi sama da shekara hamsin.

Kuma ba a take suka same shi ba, sai ranar 1 ga Agusta 1969 masana a ɗakin binciken taurari na Lick da ke Kalifoniya suka kama hasken da ya dawo, da na'urar hangen nesa mai faɗin mita uku. Daga baya na McDonald a Teksas ya ɗauki aikin shekara da shekaru. Lissafin kuwa ko yarona zai iya, haske na gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, zuwa da dawowa sakan biyu da rabi da ɗan ɗoriya, ka ninka ka raba biyu, sai ka samu wajen kilomita 384,000. Wahalar ita ce kafin hasken ya isa can ya baje ya kai faɗin kilomita da dama, farantin kuma ɗan mitsitsi, abin da ke dawowa cikin na'urar ɗigo ɗaya ne ko biyu na haske, wani harbin ma babu komai, sai an yi ta harbawa ana tarawa. Na ce ashe ba ni kaɗai ke danne-danne a banza ba.

A 1971 Apollo 14 ya ƙara wani mai gilashi 100, Apollo 15 ya kai babba mai 300, Tarayyar Sobiyet ma ta aika motoci biyu marasa direba, Lunokhod 1 a 1970 da Lunokhod 2 a 1973, ɗauke da irin madubin ƙirar Faransa. Na Lunokhod 1 ya ɓace musu kusan shekara arba'in sai 2010 aka sake gano shi. Da wannan awon aka tabbatar wata yana nisa da mu santimita 3.8 duk shekara, inci ɗaya da rabi kenan. Da farko kuskurensu ya kai tsawon tafin hannu ko fiye, yanzu sun dawo maganar milimita, irin wadda nake faɗa da magina a kanta, a nisan kilomita dubu ɗari uku da wani abu fa.

Ƙanin nawa ya ce tawa ba agogo take dubawa kai tsaye irin tasu ba, don a ɗaki mai mita biyar hasken zai je ya dawo cikin kashi 33 na biliyan ɗin sakan, sai dai ta kwatanta yadda kaɗawar hasken ta fita da yadda ta dawo. Wannan ɓangaren dai na gyaɗa kai ne kawai.

Washegari na yanki farin allon silin na roba kamar faɗin littafi, na manna masa irin tef mai ƙyalli da ake sa wa bayan tirela, wanda shi ma hasken fitila yake mayar wa direba, na koma gidan Hajiya da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, yarona ya riƙe allon a jikin katanga, dannawa ɗaya ta ba ni mita 11 da santi 62. Na bi da tef, haka ɗin ne. Sai dai in kun yi kusa da yawa tef mai ƙyallin yana mata yawa ta rikice, a nan farin allo zalla ya fi, kuma kar ka manta ka ƙara kaurin allon.

Sauran ƙorafi ƙanana ne, murfin batirinta sakwa-sakwa yake sai da na ɗaure shi da roba, lokacin hazo kuma ƙura na kwanciya a idonta ta fara ba da lamba biyu a waje ɗaya sai ka goge da tsumma mai laushi. Mai tayil, mai silin, mai labule, kafinta, ku saya ba za ku yi nadama ba. Mai auna fili ko fandisho a rana tsaka kuwa, mita 40 ɗin kwalin nan ni dai ban taɓa ganin ta a waje ba, kuma tef ɗina yana nan a aljihun baya.