Kafin ka sayi babur mai caji, duba batirinsa

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, babur mai caji ya fara shigowa ƙauyukanmu na wajen Ringim da Taura. Kowa fenti yake kallo, alhali kuɗin da haɗarin duk suna cikin batir.

Batirin ruwa irin na mota? Akwai arha, amma ga nauyi kamar buhun gero, ga saurin mutuwa. Wuce shi. Na litiyam da ake kira NMC ba nauyi, yana kai ka nesa, sai dai ba ya shiri da zafi, mu kuwa a Afrilu zafinmu kan haura digiri 40.

Ni LFP nake so, wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ya fi NMC girma, na yarda. Amma mai kyau yana jure caji sama da sau 2,000, kuma ko ya yi zafi sinadarinsa ba ya saurin sakin iskar da ke rura wuta. Wanda gidansa ke da danga da rumbu, wannan kaɗai ta ishe shi dalili.

Jabu ne dai masifar. Wani mai shago a birni ya sayar mini da batir naɗe cikin shuɗiyar leda, har da rantsuwa. Wata uku ya kumbura. Ran nan bayan isha'i sai ƙanwata ta ce: "Yaya, zaure na ƙauri!" Allah ya kiyaye. Da mai gyara ya farke shi, tsofaffin batiran kwamfuta ne, ƙirar 18650, an manna musu 9,900mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), alhali na gaske bai cika wuce 3,500 ba. Babu ma BMS, ɗan allon da ke yanke wuta idan caji ya cika. Don haka ka ce wa mai sayarwa ya nuna maka BMS ɗin, in ya fara kame-kame ka tafi da kuɗinka. Karanta cajar ma: a batir mai 48V (V ma'aunin ƙarfin wuta ne), NMC mai jerin ƙananan batira 13 na cika a 54.6V, LFP mai jeri 16 a 58.4V. Ka sa cajar LFP a NMC, ka gayyato gobara.

Ajiya kuma, kan siminti, a inuwa, nesa da harawa da galan ɗin fetur, kuma ba a bakin ƙofar da za ku fita ba. In ka dawo daga kasuwa bar shi ya huce kafin ka jona, kada ka bar shi a caji ka kwanta. Zai jima ba a hau ba? Bar shi da rabin caji. Ya fara huci ko hayaƙi, fitar da yara ku yi nisa: hayaƙin guba ne, kuma yakan sake tashi bayan an kashe.