Injin tausa mai karkarwa ko mai bugu: wanne za ka ƙera?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana son haɗa injin tausa na riƙewa a hannu, amma ya rasa wanda zai kama tsakanin mai karkarwa da mai bugu, wato wanda ake kira bindigar tausa. Malam, a ido kamar 'yan gida ɗaya ne, amma cikinsu ya sha bamban.

Mai karkarwa ba shi da wani sirri. Moto ne aka ɗaura wa ɗan ƙarfe a sandarsa, ba a tsakiya ba, sai a gefe. Da ya juya, nauyin ya riƙa fizgar injin gaba ɗaya. Ƙarfe mai giram 10 da aka gusar milimita 5 daga tsakiya, a juyi 3,000 cikin minti, yana fizga da ƙarfin kusan rabin kilo. Ka ninka gudun, fizgar ta ninka sau huɗu, kuma boris ɗin moto ne ke shan wannan wahala, shi ya sa shi ke fara kuka. Motsin kansa 'yan milimita ne kawai, da ka danna shi a cinya sai ya ƙara raguwa. Ga kuma hannun mai riƙo da ke shan karkarwar har ya yi sanyi, in ba ka raba mariƙi da gidan moto da roba ba.

Mai bugu kuwa ɗan ƙaramin injin mota ne da aka juya aikinsa: moto na juya ƙugiya, wato ɗan ƙarfen da aka gusar daga tsakiyar sandar moto, ƙugiya na tura sandar haɗi, ita kuma tana kai fistin gaba da baya. Nisan bugun ninki biyu ne na gusawar ƙugiyar. In kana son milimita 16 irin na Theragun, wata sananniyar bindigar tausa ta kasuwa, sai ka gusar da ita milimita 8. Galibin na kasuwa suna tsakanin milimita 10 da 16, suna bugu 1,750 zuwa 3,200 a minti. Kada yawan gudu ya ruɗe ka. Bugu 2,400 mai zurfin 16 ya fi shiga tsoka a kan 3,200 mai zurfin 10, wanda ke neman komawa karkarwa.

A nan ne aikin yake. Zurfin bugu na buƙatar moto mai ƙarfin juyi. In ya yi rauni, da an danna sai ya cije. Masu kyau sukan jure dannin kilo 18 zuwa 27 kafin su tsaya, masu araha tun wajen kilo 9 sun sare. Nemi moto marar burushi, ya fi daɗewa, ya fi shiru. Batir lithium mai lambar girma 18650 guda shida a jere suna ba da volt 22.2, kuma kada ka haɗa su ba tare da allon kariya na caji ba, domin moton da ya cije yana zuƙar wuta har batir ya ɗau zafi. Sa ɗan nauyi a kishiyar ƙugiya don ya cinye girgizar da za ta dawo wa wuyan hannu. Bushin da fistin ke zirga-zirga a ciki ya zauna cif da giris. Sararin da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya haifar da ƙarar kwas-kwas bayan 'yan makonni.

Kan bugun ma ba ado ba ne. Ƙwallon soso mai tauri na manyan tsokoki ne, mai tsini na ƙulli guda, mai yatsu biyu na bin gefe da gefen ƙashin baya ba tare da taɓa shi ba. Ka matse wuyansa da zoben roba, in ba haka ba zai yi tsalle ya fice.

In wannan ne aikinka na farko, kuma tausar wuya da tafin ƙafa kake nufi, kama mai karkarwa: moto, ƙarfe, batir, makunni, shi ke nan. In cinya da sha-raɓar 'yan wasa kake hari, ba makawa sai mai bugu. Ka riƙe nauyinsa kusa da kilo 1, ka karkata mariƙin yadda mutum zai kai bayansa ba tare da murɗe hannu ba, ka sa ya kashe kansa bayan minti 10. A takardar bayani ka rubuta baro-baro: ban da maƙogwaro, ban da kan ƙashi, kuma minti 2 ya ishi tsoka ɗaya.