Gargaɗi ga mazauna Birtaniya: ana sayar da dangin tarwaɗa da sunan kifin kod

Jama'a, musamman ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu aikin kula da tsofaffi da ba su daɗe da shigowa Birtaniya ba, wannan gargaɗi naku ne. Da wuya mutum ya yi wata guda a ƙasar nan ba a ja shi shagon soyayyen kifi da dankali ba, wanda 'yan gari ke kira chippy. Ga Musulmi ma nan ne hankali ya fi kwanciya, tunda kifi ba ya buƙatar yanka. To a nan ɗin ne wasu masu shaguna ke yin ha'inci: a kan allo an rubuta cod, kuɗin kod aka karɓa, amma abin da ke lulluɓe cikin kwaɓin fulawar wani kifi ne daban mai araha. Yawancin masu wannan sana'a mutanen kirki ne, amma ɓata-garin cikinsu sun san baƙo bai san ɗanɗanon kod ba, don haka shi suka fi samun sauƙin cuta.

Kifi biyu ne na asali a wannan abinci. Kod, wanda ya fi karɓuwa a kudancin Ingila, da hadok (haddock a allo), wanda mutanen Sikotilan da wasu sassan arewacin Ingila suka fi so. Kod ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda muke zato, domin busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake kawowa Najeriya daga Norway, wanda 'yan kudu ke kira okporoko, galibinsa kod ne aka shanya. Ɗanyensa dai ya yi tsada a shekarun nan. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta ƙara harajin kashi 35 cikin 100 a kan farin kifin da ake shigowa da shi daga Rasha, yaƙin Yukren ya ɗaga farashin man suya, sannan shekara bayan shekara ana rage yawan kod da aka yarda a kama a Tekun Barents da ke arewacin Norway da Rasha, inda mafi yawansa ke fitowa. Ga harajin VAT na kashi 20 a kan abinci mai zafi. Mai shagon da ke tsoron Allah sai ya ƙara kuɗi, ko ya rubuta ƙarara cewa ga wani kifi mai sauƙi ga mai so. Maha'inci kuwa sai ya bar allon yadda yake, ya canza kwalin da ke cikin firiza.

Abin da aka fi musanyawa da shi shi ne pangasius, wanda a manyan kantuna ake sayarwa da sunan basa ko river cobbler. Kifin ruwan daɗi ne, ɗan'uwan tarwaɗa, ana kiwonsa a tafkuna a yankin kogin Mekong na ƙasar Biyetnam, ana kawo shi a daskare ba ƙaya ba fata. Cin sa ba ya da illa, halal ne, kuma sayar da shi ba laifi ba ne muddin an kira shi da sunansa. Laifin shi ne farashin sarinsa bai kai rabin na kod ba, amma a karɓi kuɗin kod. Bayansa akwai pollock da coley da whiting, waɗanda kifayen teku ne 'yan gidan su kod, sai dai sun fi shi araha. Abin ba sabo ba ne. A 2014 ƙungiyar kare masu saye ta Which? ta gwada kifi 45 daga shagunan Bamingam da Gilasgo da Manchesta, ta tarar 7 ba su ne abin da aka ce ba: a Gilasgo an samu wasu shaguna na ba da whiting da sunan hadok.

Dabarar da ta fi yawa yanzu ma ba ƙarya ce kai tsaye ba, wasa ne da kalma. Sai ka ga allo ya ce fish and chips kawai, ko traditional fish, ko fish special, babu sunan kifin ko ɗaya. Kai ka ɗauka kod ne saboda shi ka ji ana faɗa, shi kuma mai shago idan an tsare shi sai ya ce ai kifi ya rubuta, kifi kuma ya bayar. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Maganinsa tambaya tun kafin ka miƙa kati: wane irin kifi ne wannan? Kada ka tambaya ko kod ne, domin yaron kanta zai gyaɗa kai kawai ya wuce. Bar shi ya furta sunan da bakinsa. Idan ya ce farin kifi ne, wannan ba amsa ba ce, duk waɗanda muka lissafa farin kifi ake kiransu. Dokar abinci ta 1990 ta haramta a sayar wa mutum abincin da ba shi ya nema ba, ta kuma haramta siffanta abinci da ƙarya. Da zarar an ce maka kod ne, ko an rubuta shi a allo ko a rasit, to dole ya zama kod.

Yanzu ga yadda ake ganewa bayan an buɗe takarda. Kada ka fara daga jela inda naman ya yi siriri. Raba kifin biyu daga wuri mafi kauri, ka ɗaga ɓawon fulawar ka duba.

Naman kod fari ne tas, mai kauri, kuma yana rabuwa falle-falle, manya-manya masu sheƙi da danshi, kowane falle na zamewa daga ɗan'uwansa da ɗan taɓi kaɗan. Gefen kai ya fi kauri sosai, sannan ya riƙa sirancewa zuwa jela. Hadok ma yana rabuwa haka, amma fallensa sun fi ƙanana, naman ya ɗan fi bushewa, da ɗan zaƙi-zaƙi. Idan shagon na barin fata, aikin ya zo da sauƙi: hadok na da baƙin layi a gefen jikinsa da wani baƙin tabo kusa da kai kamar an danna babban yatsa, shi kuwa kod layinsa fari ne, fatarsa da ɗigo-ɗigo.

Pangasius bai yi kama da ko ɗaya ba. Yankansa shimfiɗaɗɗe ne, kaurinsa kusan ɗaya daga farko har ƙarshe. Ba ya ba da manyan falle, sai dai ya dagargaje ko ya yi laushi tuɓus kamar soso mai ruwa. Launinsa ba fari tas ba ne, yakan ja zuwa ruwan madara ko ruwan hoda, wani lokaci da jan zane a tsakiya. Wanda ya saba cin tarwaɗar kiwo zai iya jin ɗan ƙanshin laka a ƙarshen loma, kuma a nan mu muka fi Bature hanci. Wata alamar ita ce ƙasan kifin: sau da yawa ana jiƙa irin wannan kifi da ruwa da sinadarin fosfet kafin a daskarar da shi don ya ƙara nauyi, idan ya shiga mai mai zafin digiri 180 sai ya saki ruwan a cikin ɓawon, ka tarar sama ya yi ƙus-ƙus, ƙasa kuwa ya yi caɓa tun kafin ka isa gida. Coley naman sa na da duhu-duhu kamar toka. Whiting ƙarami ne, siriri, mai saurin farfashewa. Gaskiya dai bambance pollock da whiting daga hadok bayan an soya yana ba wa ƙwararru ma wuya, shi ya sa hukuma ke dogara da gwajin ƙwayar halitta. Amma pangasius ko yaro aka nuna wa sau ɗaya zai gane.

Farashi ma shaida ne. A 2024 matsakaicin kuɗin kifi da dankali ya doshi fam 10. Duk wanda ke tallar babban kod da dankali da lemo a kan fam 5 kullum, ba na yara ba, ba kuma rangwamen rana ɗaya ba, lissafinsa ba ya fita. Araha ba ta ado. Akwai kuma masu tauye mudu ta wata hanya: kifin kod ne na gaske, amma yankan ƙarami ne aka tsoma cikin kwaɓi mai kauri sau biyu har ya kumbura, aka sayar a matsayin babba. 'Yan sari na sayar da yankan ne bisa nauyi, kuma na matsakaicin faranti yakan kama daga giram 170 zuwa 230 kafin suya. Idan ka raba ka ga fulawa ta fi nama kauri, har cikinta da ɗanyen ƙullu, kuɗin fulawa ka biya.

A kudancin Ingila, musamman Landan, za ka ga rock ko rock salmon ko huss a allo. Wannan ba shi da alaƙa da kifin salmon. Ƙaramin kifin shak ne, wato shark. Binciken Jami'ar Exeter da ya fito a 2019 ya nuna yawancin abin da aka gwada da waɗannan sunaye nau'in spiny dogfish ne, wanda a lokacin aka lissafa cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa a tekunan Turai. Sunayen doka ta yarda da su, amma ya kamata ka san me kake ci.

Sai maganar halal, inda 'yan'uwa da yawa ke sakin jiki. Kifin halal ne, amma kwaɓin da man fa? Wasu shaguna da giya suke kwaɓa fulawar, kuma sukan rubuta beer batter don a wurinsu abin alfahari ne, wasu kuma ba sa rubutawa. A Yorkshire da wasu wurare na arewa, da narkakken kitsen shanu ake suya, beef dripping ke nan, kuma ba a ce maka yankan Musulmi ba ne. Sannan kusan kowane shago na sayar da sosej da saveloy, waɗanda galibi naman alade ne, a Sikotilan har da black pudding da ake yi da jini. Idan tukunyar suya ɗaya ce, man ɗaya ne. Ko da tukwanen daban ne, wasu shagunan na tace man ta matata ɗaya da daddare su mayar, wato ya gauraya. Tambayoyin uku ne: da wane mai ake suya, akwai giya a kwaɓin, kuma ina ake soya sosej. Takardar da aka buga da kwamfuta aka manna a gilashi da kalmar halal ba shaida ba ce, kowa na iya bugawa. Masu ba da shaidar halal irin su HMC, wato Halal Monitoring Committee, na wallafa jerin shagunan da suke sa wa ido a shafinsu, ka duba sunan shagon da adireshinsa a can. A kula kuma, wani lokaci shaidar ta kazar shagon ce kawai.

Koriyar sitikar tsafta mai lamba 0 zuwa 5 ma ana yin algus da ita. A Wels da Ailan ta Arewa dole ne a liƙa ta, a Ingila kuwa ganin dama ne, shi ya sa wanda aka rage wa maki ke iya barin tsohuwar mai 5 a ƙofa, ko ta mai shagon da ya gabata. Shafin Hukumar Kula da Ingancin Abinci, FSA, na nuna makin gaskiya da ranar da aka yi duba, minti ɗaya ya isa. Sikotilan tsarinta daban, babu lamba, ko shagon ya ci gwajin tsafta ko ana buƙatar gyara. Idan ta manhajar kai abinci kake oda, duba adireshin, domin kicin ɗaya kan fito da sunaye uku ko huɗu da hotunan da ba nasa ba. Ƙarin fens 50 don ka biya da kati kuwa an haramta shi tun Janairun 2018, ko da yake mai shago na da damar sa mafi ƙarancin abin da za a saya da kati.

Idan ka tabbata an cuce ka, kada ka tsaya cacar baki a bakin kanta. Ɗauki hoton allon yadda sunan kifin da farashin za su fito, karɓi rasit, ɗauki hoton kifin a rabe, sannan ka sa ragowar a leda ka rubuta rana da lokaci ka ajiye a firiza. Ka nemi a mayar maka da kuɗinka cikin natsuwa. Idan an ƙi, kuma da kati ka biya, bankinka na da hanyar ƙalubalantar ciniki, idan kuma ta manhaja ne ka shigar da koke tun a ranar. Ƙarar kanta ana kai ta ga ƙaramar hukumar da shagon yake, sashen Trading Standards mai sa ido kan ha'incin ciniki ko na lafiyar muhalli. A Ingila da Wels ana bi ta ƙungiyar ba jama'a shawara ta Citizens Advice, a Sikotilan ta takwararta Advice Direct Scotland, kuma shafin FSA na da wurin kai rahoto da zai haɗa ka da hukumar da ta dace idan ka sa lambar unguwar shagon, wato postcode. Ba a biyan ko kwabo. Ka rubuta sunan shagon, da abin da allo ya ce, da abin da aka faɗa maka da baki lokacin da ka tambaya, domin da wannan ne jami'ai ke zuwa su sayi nasu kifin kamar kowane mai saye, su tura shi ɗakin gwaji.