Wata huɗu bindiga tana harbi da kanta: sharhina kan saitin atomatik a Call of Duty: Mobile

Ƙanena ne ya saka min gem ɗin a waya, ranar da na gaji da jin ihunsa shi kaɗai a soro, kunnuwa a toshe. Da ya miƙo min wayar sai ya ce, "Yaya, na bar maka a Simple mode. Kai dai ka kai bakin bindiga kan mutum, ita za ta ƙarasa." Haka kuwa aka yi. A wasan farko na zubar da mutum sun fi goma, har na fara tunanin ko aikin soja ne ya wuce ni. Sai daga baya ya gaya min, yana ƙyaƙyata dariya, cewa yawancin waɗanda sabon shiga ke karawa da su kwamfuta ce ke juya su.

Abubuwa biyu ne a cikin gem ɗin da mutane ke haɗa su wuri guda su kira "auto", alhali kowanne aikinsa daban. Na farko shi ne Simple mode, inda bindiga ke sakin wuta da kanta da zarar alamar saiti ta hau jikin abokin gaba. Na biyu shi ne Aim Assist, wanda ba ruwansa da kunama: idan saitinka ya kusanci mutum sai ya rage gudu, ya ɗan manne masa, kamar an sa maganaɗisu mai rauni. Wannan na biyun ba sabon abu ba ne. Tun a Doom na 1993 ɗan wasa ba ya iya duban sama ko ƙasa, gem ɗin ne ke ɗaga masa harbin, kuma Halo na 2001 ya gyara dabarar sosai don masu riƙe da abin sarrafawa na Xbox. Lokacin da Call of Duty: Mobile ya fito a Oktoban 2019, dole ne a taimaki babban yatsa, don gilashi ba linzamin kwamfuta ba ne.

Kuma gaskiya ya taimake ni. Da yatsu biyu nake wasa, na hagu na tafiya, na dama na juya fuska, to wanne zai danna harbi? Ga wayata ƙarama, ta yi zafi ta fara shaƙewa, ga gumin watan Afrilu da ke sa yatsa ya liƙe a gilashi sai na shafa hoda. A irin wannan hali da an ce in yi komai da kaina, da tun makon farko na goge gem ɗin. A ƙananan filaye kamar Shipment, inda mutum ke faɗo maka daga bayan kwantena ba sallama, harbin atomatik yakan riga tunanina. Da shi na bar matakin Rookie, na wuce Veteran, na taɓa Elite.

Daga nan ne na fara jin ciwonsa. Wani dare a filin Nuketown na zagaya ta bayan gida, na samu mutum uku sun ba ni baya, duk hankalinsu na kan titi. Niyyata in matsa kusa in jefa gurneti tsakaninsu. Ina cikin raɓewa yatsana ya ɗan zame, saitin ya gogi kafaɗar na gefe, sai kawai bindigar ta kece da ruri. Harsashi biyu ko uku ne suka same shi. Ni kuwa jan ɗigo ya nuna ni a ƙaramar taswirarsu, tunda bindigar ba abin rage ƙara, su ukun suka juyo lokaci guda. Ban ma ga wanda ya gama da ni ba. Ƙanena da ke leƙe ta kafaɗata ya ce, "Yaya, ai kai ka kira su."

Abin da ya dame ni da Simple mode ke nan: saitinsa ba laifi, amma ya karɓe min shawarar yaushe zan harba. Ba ya jira, ba ya lissafin harsashi nawa ya rage, ya hango mutum can nesa sai ya fara ɓarin wuta, kafin na kusa ya iso ina tsakiyar ɗuri. Kuma abin da bai gani ba, ba ya harbinsa. Na san mutum na bayan siririn katako, ko zai ɓullo ta wannan kwanar yanzun nan, waɗanda suka iya tuni sun fara harbi kafin ya leƙo, ni ina tsaye ina jiran bindiga ta ga dama.

Na koma Advanced mode, inda kai ke danna harbi da kanka, kuma na sha wuya. Mako guda cur ina harbin bango da sararin sama. Na mayar da maɓallin harbi saman hagu, na koya wa manuniya zama a kai, wayar ta koma riƙon ƙaguwa. Abokan da muke haɗa tawaga har suka fara cewa wai netwok ne ya hana su gayyato ni. A mako na uku hannu ya faɗa.

Aim Assist kuwa na gwada kashe shi na kwana uku na mayar. Yana da nasa halin: kana bin mutum ɗaya wani ya gifta ta gabansa, sai ka ji saitin ya ɗan bi na biyun, ka rasa su duka. Amma sau nawa hakan ke faruwa idan aka kwatanta da sau nawa yake riƙe min saiti a kan mai gudu? A waya irin tawa ribarsa ta fi asararsa nesa ba kusa ba. Masu cewa duk mai amfani da shi rago ne, su ma na lura yawanci a kunne yake a wayoyinsu.

Kada a haɗa wannan da manhajojin da ake tallatawa a ɓoye, masu liƙa saiti a kan mutum ko ta bayan bango. Waccan sata ce, ana rufe asusun wanda aka kama, da duk kayan da ya kashe kuɗi ya tara.

Yanzu haka harbi a hannuna yake, maganaɗisun kuma na bar shi. Shekaran jiya wani maƙwabcinmu ya ce in saka masa gem ɗin, na bar masa a Simple mode, ban kuma gaya masa komai game da mutum goman da zai kashe a wasan farko ba.