Lacock ko Castle Combe: Wanne Za Ki Ba Yininki?

Hajiya, kin ce za ki je ganin ɗanki da ke karatu a birnin Bath na Ingila, yini ɗaya tak kike da shi na fita ƙauye, kuma kina tambaya tsakanin Lacock da Castle Combe wanne ya fi tarihi da tsofaffin gine-gine. Na taka duka biyun, kuma ni Lacock zan ce miki.

Dukansu a gundumar Wiltshire suke, kusa da garin Chippenham, Lacock ta kudu, Castle Combe ta arewa maso yamma. Idan kyau kawai ake nema, Castle Combe ya sha gaba. A cikin kwari yake, gidajen duk na dutse mai launin zuma, titi ɗaya ya gangaro daga rumfar kasuwa ta ƙarni na 14 har zuwa gadar rafin Bybrook. Saƙar ulu ce ta gina shi. A ƙarni na 15 ubangidan ƙasar, Sir John Fastolf, yana sayen ƙyallensu ja da fari don suturta sojojinsa da ke yaƙi a Faransa, kuma da kuɗin attajiran ƙyalle aka ɗaga hasumiyar cocin St Andrew a 1434. A cikin cocin akwai wani tsohon agogo marar fuska, ƙararrawa kawai yake bugawa. Da ruwan rafin ya ja baya, injinan bugun ƙyalle suka tsaya, sana'ar ta koma wasu wurare. Rashin kuɗin sabon gini shi ya bar tsakiyar ƙauyen yadda yake tun wajen 1600. Kada kalmar Castle da ke cikin sunan, wato gidan sarauta mai ganuwa, ta sa ki tsammanin ganinsa: ya rushe tuntuni, tudun ƙasa kawai ya rage. Gidajen kuma na mutane ne, daga waje za ki tsaya ki kalla, cikin awa ɗaya kin gama.

Lacock kuwa shiga ake yi. A 1232 wata mace mai sarauta, Ela ta Salisbury, ta kafa gidan zuhudu na mata Kiristoci a can bayan rasuwar mijinta. Ta taɓa riƙe muƙamin babbar jami'ar sarki a gundumar, abin da ba kasafai mace ke samu ba a lokacin, daga baya ta shiga gidan da kanta ta zama shugabarsa. Shekara ɗari uku ana ibada a wurin, har Sarki Henry na 8 ya rufe irin waɗannan gidaje. An rufe na Lacock a 1539, William Sharington ya saye shi. Abin da ya yi shi ne ya sa nake son wurin: ya rushe cocin, amma bai taɓa barandar da ta kewaye tsakar gida da ɗakunan matan ba, sai ya ɗora gidansa a samansu. Yau za ki bi ƙasa ki taka inda matan suka taka, ki hau bene ki tarar da falon masu hali. Zamani biyu a gini ɗaya.

A benen nan ne akwai wata taga mai ƙananan gilasai. A watan Agusta 1835 maigidan na lokacin, William Henry Fox Talbot, ya ɗauki hotonta a kan takarda mai magani, kuma shi ne nagatif (wato asalin hoto mai juyayyen haske da ake wanke hotuna daga gare shi) mafi tsufa da ya rage a duniya, ɗan ƙarami kamar kan sarki. Na daɗe a tsaye gabanta. Duk hoton biki da na suna da aka wanke mana daga fim, dabararsa daga nan ta faro. Akwai gidan tarihin hoto a bakin ƙofa.

Ƙauyen kansa tituna huɗu ne, gidajen katako da na dutse a cakuɗe, bai kai Castle Combe tsari ba. Amma kada ki wuce babban rumbun ƙarni na 14, inda manoma ke kai wa gidan zuhudun rabonsa na amfanin gona. Ki ɗaga kai ki ga gumakan katakon da ke riƙe da rufin. A jikinsa akwai ɗan kurkuku marar taga da ake kwanar da mashaya. Ita kuma Matilda Talbot, jikar mai hoton nan da ta gaji wurin, a 1944 ta miƙa gidan zuhudun da kusan duk ƙauyen ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, shi ya sa mazauna wurin haya suke yi, kuma babu mai canza gini yadda ya ga dama.

Shiga gidan zuhudun da kuɗi ne, yawo a ƙauyen kyauta. Ki je da safe ki ba shi awa uku. Idan ɗanki yana da mota, Castle Combe ba nisa, sai ku biya da la'asar lokacin da motocin masu yawon buɗe ido suka ragu.