Rumbunan ƙarƙashin ƙasa na Elliston: wurin ya burge ni, direba ya ɓata min rai

Duk ɗalibin da ke Newfoundland a Kanada ya san motocin yawon buɗe ido da ke tashi daga St. John's zuwa yankin Bonavista, kuma ya san ba arha ba ne. Ni dai na biya ne don rumbunan ƙarƙashin ƙasa na ƙauyen Elliston. Sun haura 130, mafi tsufansu na shekarar 1839 ne, kuma tun 2000 ƙauyen ke kiran kansa hedikwatar irin waɗannan rumbuna ta duniya.

Wanda muka shiga a jikin tudu aka haƙa shi, aka jera duwatsu, aka lulluɓe samansa da ƙasa da ciyawa. Ƙofa biyu gare shi. Wata dattijuwa 'yar garin ta ce, "Ɗana, rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki." Ina shiga sanyi mai danshi ya tarbe ni, irin na randar ƙasa. Ta ce da hunturu kuma ƙasar nan ce ke hana dankalin turawa da karas da kabeji daskarewa, da su da kifin da aka shanya da gishiri iyali ke kai wa bazara. Da gwamnati ta hana kamun kifin cod a 1992, garin ya kusa mutuwa, matasa suka watse neman aiki. Ramukan nan da aka raina su ne suka jawo baƙi. Wallahi ta taɓa min zuciya, har na ce a raina kuɗina bai tafi a banza ba.

Tana cikin bayanin yadda mahaifinta ke gyara rufin, sai ga direbanmu yana ta danna hon. Wai lokacin kallon tsuntsayen puffin ya yi. Tafiyar sama da awa uku, a ce mutum bai gama jin magana ɗaya ba? Na roƙe shi, ya nuna min agogo. Baiwar Allah ta yi shiru, ta ja ƙofarta, ko godiyar kirki ban samu na yi mata ba. Tsuntsayen suna da kyau, ban musa ba, amma ba su suka kawo ni ba, kuma har yanzu idan na tuna hon ɗin nan raina na sosuwa.

In za ku je, ku haɗa kuɗi ku yi hayar mota taku.