Daga Kentaki: 'Ya'yan Sanfulawa a Abincin Doki, da Yadda Za a Daidaita Shi da Na Gida

Zuwa ga 'yan uwa masu dawaki a gida, musamman masu shirin Hawan Sallah da 'yan wasan folo, ina gaishe ku daga jihar Kentaki ta Amurka. Ga bayani kan 'ya'yan sanfulawa, wannan fure mai launin ɗorawa da ake matse mai daga irinsa, da yadda masu barga a Amurka ke ba dawakinsu.

Da farko, akasari ba a sayar da shi da sunan abincin doki. A shagunan kayan dabbobi irin su Tractor Supply, wajen abincin tsuntsaye za ka tarar da shi, a buhu mai fam 40 ko 50, wato kilo 18 zuwa kusan 23. Iri biyu ne. Akwai baƙi ƙirin, ƙanana, mai siririn ɓawo, wanda mai ya kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa. Shi ake nema wa doki, kuma da ɓawonsa ake ba shi. Akwai mai zane fari da baƙi, wanda mutane ke ɓarewa suna ci. Ɓawonsa kauri gare shi, mansa kaɗan ne, kuma doki ba ya niƙa shi sosai, sai ka gan shi cikakke a cikin kashi. Yawancin abin da ake nomawa a ƙasar nan daga jihohin Dakota ta Arewa da Dakota ta Kudu yake fitowa. Kuɗinsa ya yi tsalle a 2022 da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, domin su ne kan gaba wajen nomansa a duniya.

Abin da ya sa ake ba shi guda biyu ne: sheƙin gashi da ƙarin jiki. Mai yana ɗauke da ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da sitaci ke bayarwa a nauyi ɗaya, kuma ba ya tayar wa doki da hankali kamar yadda yawan hatsi ke yi. Ramammen doki da ake so ya cika, ko wanda tulin dawa ke sa shi zabura da ciwon ciki, zai amfana idan aka rage hatsin aka maye gurbin wani ɓangarensa da mai. Yana kuma da bitamin E. Sheƙin ba ya fitowa cikin kwana biyu. A ba shi makonni huɗu zuwa shida. Wanda ya fara ana saura mako guda Sallah ya makara.

Ga yadda ake aunawa a nan. Kofin awo na Amurka yana cin mililita 240, kuma idan aka cika shi da baƙin iri mai ɓawo bai wuce kusan giram 100 ba. Ana farawa da kwatan kofi a rana, a gauraya cikin abincin da dokin ya saba. Bayan kowane kwana uku ko huɗu a ƙara kaɗan, har a kai kofi ɗaya zuwa biyu cikin mako biyu. Don gashi kawai, kofi ɗaya ya isa. Masu neman ƙiba sukan kai wajen giram 450 a rana ga doki mai kilo 500, a raba safe da yamma, kuma ba a cika wuce nan ba. Dawakinmu na gida akasari ba su kai girman na nan ba, saboda haka a rage gwargwadon jiki. Dalilin tafiya a hankali shi ne doki ba shi da matsarmama. Ruwan ɗacin da ke narkar da mai yana ɗiga ne kaɗan-kaɗan daga hanta kai tsaye zuwa hanji. Ka juye masa mai da yawa lokaci guda, sai kashi ya yi ruwa, ya yi maiƙo, wani lokacin ma ya juya wa kwami baya.

Inda na fi so masu barga a gida su tsaya su duba shi ne batun ƙashi. Jikin doki yana son kalsiyam ya fi fosfaras yawa a abincinsa, kamar kashi ɗaya da rabi zuwa biyu a kan kashi ɗaya. Sanfulawa a juye take: fosfaras ya fi yawa. A nan ba a cika jin illar ba, saboda akwai ciyawar alfalfa mai yawan kalsiyam, kuma abincin buhu an riga an daidaita shi a masana'anta. A gida kuwa dusa ce uwar abinci, ita ma fosfaras ɗinta ya yi wa kalsiyam fintinkau. A dusar alkama ya kai wajen ninki goma. Gero da dawa su ma ɓangaren fosfaras suka karkata. Idan aka ɗora sanfulawa a kan dusa da dawa, sannan busasshen karan dawa kawai ke biye, jiki zai fara zaro kalsiyam daga ƙashi. Bayan watanni sai a ga ƙasusuwan fuska sun kumbura, doki yana ɗingishin da yau yana wannan ƙafa gobe yana waccan, haƙora suna girgiɗi. Duƙushi mai tasowa da goɗiya mai shayarwa su suka fi shiga haɗari. Maganin yana hannunmu tun asali: harawar gyaɗa da harawar wake dangin alfalfa ne wajen kalsiyam, kuma a ganina harawar gyaɗa da aka shanya da ganyenta ba ta da abin kunya a gaban ciyawar da ake sayarwa da tsada a nan. Kanwa kam gishiri ce irin ta sodiyam, kada a lissafa ta a madadin kalsiyam. Ciyawa da harawa su kai aƙalla kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na nauyin dokin kowace rana, wato kilo biyar zuwa shida ga mai kilo 350.

Akwai muhawara a nan kan nau'in man. Na sanfulawa na gargajiya omega 6 ne ya cika shi, omega 3 kusan babu, shi ya sa wasu likitocin dabbobi suka fi son 'ya'yan filas (flaxseed da Turanci, wani ƙaramin iri mai yawan omega 3) ga tsohon doki mai ciwon gaɓoɓi. Doki mai kiwon ɗanyar ciyawa yana samun omega 3 daga gare ta, don haka da damina abin bai kai a damu ba. Da rani ne giɓin ke fitowa.

Sauran abubuwan da ke ɓata lamarin na ajiya ne da sakaci. Irin shuka da ake sayarwa manoma ana shafa masa maganin ƙwari, shi ya sa za ka gan shi da wani launi daban. Guba ne, kada ya kusanci kwami. Buhun da aka gauraya wa tsuntsaye da wasu iri shi ma a bar shi. Iri mai mai yana saurin lalacewa a zafi, kuma zafin bazara a Kano ko Maraɗi ba irin na Kentaki ba ne: a saya kaɗan, a ajiye a duro mai murfi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa. Idan ya fara warin tsohon mai ko aka ga funfuna, a zubar, domin gubar afulatoksin da muka sani a gyaɗa tana kama shi, kuma hanta take ci. Doki mai haɗama kan shaƙe. Alamar ita ce ya miƙe wuya, yawu da abinci suna fitowa ta hanci. A janye abinci da ruwa a kira likita, kada a ɗura masa komai. Jiƙa abincin da ruwa da sa 'yan manyan duwatsu a kwami na rage gaggawarsa. Dokin da ya riga ya yi teɓa, ko mai tarihin ciwon kofato, ba ya buƙatar wannan ƙari sam.

Bambancin da ya fi girma tsakanin nan da gida ba a buhun yake ba, a hidimar da ke kewaye da shi ne. Kowane buhun abincin dabba a nan yana da takarda da ke faɗin mafi ƙarancin furotin da mai, da mafi yawan harza, wato fiber. Mai barga zai iya aika ɗan samfurin ciyawarsa ɗakin gwaji a gaya masa kalsiyam da fosfaras ɗinta. Mai gyaran kofato yana zuwa duk mako shida zuwa takwas, ana kuma goge kaifin haƙora sau ɗaya a shekara. Kafin a ce doki ya rame saboda ƙarancin abinci, sai an duba bakinsa, an kuma kai kashinsa a ƙirga ƙwan tsutsa. Dokin da tsutsa ke ci ko haƙori ke yanka masa kumatu ba zai yi jiki da sanfulawa ba komai yawanta.

Wanda bai samu iri mai kyau a kasuwarsu ba, man gyaɗa ko na waken suya mai tsabta zai yi aikin sheƙi da ƙiba: a fara da cokali biyu a rana a kan abinci, a hau a hankali zuwa rabin kofi. Mai zalla ba ya ɗauke da fosfaras, saboda haka ba ya taɓa ma'aunin ƙashi.